Kafin ka sayi sabuwar jif a Kumasi

Malam, ka tambaya ko sabuwar motar jif za ta daɗe ba ta ba ka wahala ba. A ganina, sabunta ba ta tabbatar da ƙwari, musamman idan ƙirar ta fito ne a bana, domin kurakuran masana'anta sukan bayyana ne bayan an yi shekara ɗaya ko biyu ana hawanta.

Kafin ka biya ko sisi, ka je Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da sayar da kayan gyara a Kumasi, ka tambayi makanikai ko kayan gyaranta suna samuwa, da kuma ko suna da na'urar da ke karanta kwamfutarta. Irin su Toyota Fortuner da RAV4 an saba da su, amma ƙaramin inji mai turbo (na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi) da akwatin giya na CVT (wani nau'in giyar otomatik) suna bukatar mai mai kyau da sauya shi a kan kari, ga cunkoson kasuwar Kejetia da zafi da ramukan damina suna gajiyar da su.

Abin da ya fi damuna shi ne garanti. Motar da aka shigo da ita daga Amurka ko Dubai ba lallai wakilin kamfanin a Gana ya karɓi gyaranta kyauta ba, saboda haka ka nemi a rubuta maka shekaru da kilomitocin garantin a takarda.