Tsohuwar kwamfutar inji: in ɗaura ko in haƙura?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah shawara nake nema. Ina da Nissan Silvia S14 mai injin SR20DET, na sa mata babban turbo da nozil masu zuba mai da yawa, yanzu biren bos ɗinta na asali, wato kwamfutar inji, ya daina gane kan abin, sai baƙin hayaki take yi. Wani abokina ya ba ni Apexi Power FC, kwamfutar inji da ake sawa a madadin ta asali, da ya cire daga tasa motar, ta yi shekaru a kwali. Wasu sun ce in ɗaura kawai, wasu kuma sun ce tsohon yayi ce zan kashe injina. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya shekarun na'urar ba su ne suka fi damuna ba, domin aikin kwamfutar inji bai canza ba, ta karanta sensa ta san iskar da ke shiga, ta ƙayyade man da nozil zai fesa, ta faɗa wa filogi lokacin ba da wuta. Power FC ta iya wannan sarai, teburinta na saitin mai da na taimin, wato lokacin ba da wuta, 20 sau 20 ne, kuma an yi ta ne ta shiga soket ɗin motar kai tsaye ba sai an yanka waya ba. Amma ka tabbatar ta S14 ce, don kowace mota da tata, sannan ka duba ko irin mai aiki da sensar iska ce ko D-Jetro mai auna matsin iska.

Abin da ke damuna shi ne kariya. Idan inji ya fara nokin, wato man ya fashe ba a kan lokacinsa ba, Power FC za ta nuna maka lamba ta kunna fitilar gargaɗi a dashbod, amma ba za ta ja taimin baya da kanta ba, kai ne za ka ɗaga ƙafa, kuma a inji mai turbo kafin idonka ya kai kan fitilar nan fistin zai iya tafiya. Sababbin kwamfutoci irin na Haltech ko Link suna rage taimin da kansu, suna gyara mai da sensar wideband mai auna haɗin iska da mai daga hayaƙin salansa, wasu har su rage wa inji ƙarfi in matsin baƙin mai ya faɗi. Wannan kuɗin ba na ado ba ne wallahi.

Na biyu, wa zai yi maka saitin? Taswirar da ke cikinta, wato saitin mai da taimin, ta motar abokinka ce, da nasa turbo da nasa nozil, kada ka kuskura ka taka mota da ita. Dole a sake saiti a kan daino, na'urar da ake ɗora mota a auna ƙarfinta, kuma masu saiti da yawa yanzu ba sa son taɓa tsofaffin nan saboda sai da ɗan rimot ɗinta FC Commander ko akwatin Datalogit da tsohuwar laftof. Ka fara nemo mutumin tukuna, in babu shi maganar ta ƙare.

Sai kuma a buɗe ta a duba kafasita, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta a jikin allonta, masu ruwa a ciki suna bushewa ko su yi yoyo su ci allon in sun tsufa.

Ni dai tunda kyauta ka samu, in ta wuce gwajin nan kuma akwai mai saitin da ya san ta, ɗaura abinka, ka haɗa da gejin wideband, ka ce masa ya bar taimin da sauƙi kada ya matse. Amma in niyyarka ka ci gaba da ƙara bus, wato matsin iskar turbo, ko ka koma man E85 mai yawan ethanol, kada ka biya kuɗin saiti sau biyu, ka tara ka sayi sabuwa.