Ciwon dunduniya da ke kama mutum a takun farko na safe

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Ka ce wata biyu ke nan ƙarƙashin dunduniyarka ta dama na ciwo: da ka sauko daga gado kamar ka taka ƙusa, in ka ɗan zazzaga ya lafa, bayan ƙwallo ko sassarfa kuma ya dawo. Kana tambaya ko ka je a yi maka allura, ko ka ajiye motsa jiki gaba ɗaya. Duka biyun ba da su ake farawa ba.

Yadda ka siffanta shi, ya fi kama da ciwon jijiyar tafin ƙafa. Jijiya ce mai faɗi da kauri, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu, tana riƙe da kwarin tafin kamar tsirkiyar baka. In aka ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, sai ta fara lalacewa a daidai inda ta manne da ƙashin. Da dare ƙafa na saki, jijiyar ta takure, takun farko kuma ya ja ta da ƙarfi, shi ne zafin safen nan. Danna babban yatsan hannunka a ƙarƙashin dunduniyar, ta ɓangaren ciki, ka tanƙwara yatsun ƙafar sama. In wurin ya amsa, to ita ce.

Duba abin da ka sauya makonni kaɗan kafin ciwon ya fara. Galibi ƙara nisan gudu ne farat ɗaya, ko komawa kan kwalta da siminti, ko takalmin da ƙasansa ya mutu. Takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na nan kamar sabo.

Hutu zalla yaudara ne. Ciwon zai lafa, ranar da ka koma fili ya ce ga ni nan, don jijiyar ba ta ƙara ƙarfi ba. Rage gudun zuwa rabi, ka bar tsalle da hawan tudu, ka cike da keke ko iyo. In ka auna zafin daga 0 zuwa 10, kada ya wuce 3 lokacin motsa jiki, kuma washegari kada ya fi na jiya. In ya fi, ka yi yawa.

Kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa da safe, zauna a bakin gado, ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, kama yatsun ka ja su sama wajen ƙauri har ka ji jijiyar ta ɗame kamar igiya. Riƙe sakan 10, ka yi sau 10, sau uku a yini. Sharaɓa ma a miƙe ta: dafa bango, ƙafar mai ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, sakan 30 da gwiwa a miƙe, sakan 30 da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Sharaɓar da ta ɗaure tana jan agara, nauyin ya faɗa wa tafin ƙafa.

Wani abin da ke aiki ga mai motsa jiki, kuma shi mutane suka fi gudu, shi ne ɗage a bakin matakala. Naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin yatsun don su tanƙwaru sama, wannan ne ke sa nauyin ya hau jijiyar. Tsaya da ƙafa ɗaya, dunduniya a iska. Ka ɗauki sakan 3 wajen tashi, ka tsaya sakan 2 a sama, sakan 3 wajen sauka. Sau 12, zagaye uku, yau ka yi gobe ka huta. Bayan mako biyu, goya jaka mai littattafai, ka koma sau 10 zagaye huɗu; bayan wasu biyun ƙara nauyi, sau 8 zagaye biyar. In ƙafa ɗaya ta gagara, fara da biyu. Masu yin sa da sauri kamar ana korarsu ɓata lokaci kawai suke yi.

Kada ka yi yawo ba takalmi a kan daɓe mai tauri, ko a cikin ɗaki ne, silifas shafal kuma bai da maraba da ƙafa tsirara. Robar dunduniya mai laushi a cikin takalmi na taimakawa. Mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a tafin na minti 10 na kwantar da zafi, amma ba ya warkarwa. Haka ibuprofen, na 'yan kwanaki ne, mai olsa ko ciwon ƙoda kuma ya nisance shi.

Allurar kuwa, wato ta steroid mai kwantar da kumburi da ake yi a dunduniya, sauƙinta yakan tsaya ne a 'yan makonni, kuma maimaita ta na iya tsinka jijiyar ko ta zaftare kitsen da ke matashin dunduniya, shi kuma ba ya dawowa. In an yi hoto an ce ka ga ƙashi ya tsiro, kada hankalinka ya tashi, mutane da yawa na da shi ba su taɓa jin komai ba. Yawancin masu wannan ciwo kan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba, sai dai ka ba atisayen wata uku kafin ka ce bai yi ba.

Amma in matse dunduniyar ta gefe da gefe na sa ka zabura, ko ta kumbura, ko zafin na ƙaruwa da kowane taku maimakon lafawa, a duba tsagewar ƙashi. Raɗaɗi kamar wuta ko mutuwar tafin na nuna jijiyar ji ce ta matse. Ciwo a dunduniya biyu tare da sandarewar baya da safe na buƙatar gwajin cutar gaɓoɓi. Mai ciwon suga kuma ya ga likita tun kafin ya sa ƙanƙara a ƙafa.