Tambaya da Amsa: Yadda ake gane tataccen man ƙamshi na ƙwarai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kwalba biyu na man lafanda don shaƙa kafin barci. Ɗaya ƙamshinsa a kwance yake, ɗayan kuwa yana da kaifi kamar kafur. Wanne ne jabu, kuma me zan duba kafin in sake saye? — Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai yiwuwa babu jabu a cikinsu. Lafanda iri-iri ce. Wadda ake nema don natsuwa ita ce Lavandula angustifolia. Akwai 'yar'uwarta Lavandula x intermedia, wadda ta fi ba da mai da yawa, ta fi araha, kuma kafur ya fi yawa a jikinta. Ƙila ita ce mai kaifin nan. Shi ya sa muke cewa a fara da karanta takardar jikin kwalba tukuna, domin hanci yana ruɗuwa.

Ki nemi sunan tsiron na Latin, da ƙasar da aka noma shi, da sashen da aka tace, fure ne ko ganye ko ɓawo ko saiwa. A kuma faɗi hanyar tacewa: yawancinsu da tururi ake fitar da su, na dangin lemo kuwa matse ɓawon ake yi. Sai lambar rukunin da aka tace tare, wadda da ita za ki nemi sakamakon gwajin GC-MS, mai zayyana sinadaran da ke cikin man da adadin kowanne. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba ya ɓoye wannan takarda.

In kika ga an rubuta "fragrance oil" ko "perfume oil", turaren haɗi ne, kada ki saya. Kalmar "therapeutic grade" kuma kada ta burge ki, daɗin bakin talla ne kawai, babu hukumar da ke ba da wannan daraja.

Wata alamar da ba ta cika kuskure ba: kuɗi. Sai an tara furen wardi tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo ɗaya na mansa, ɓawon lemo kuwa ragowar masana'antar matse lemo ne. In kika tarar da man wardi da na lemo kuɗinsu ɗaya, to wancan ba wardi zalla ba ne. Kwalbar kuma ta zama ta gilashi mai duhu, da ɗan toshi mai fitar da ɗigo-ɗigo, don haske yana lalata man, shi kuma man yana cin wasu robobi.

Tambaya: An ce in ɗiga man a farar takarda, in bai bar tabo ba to na gaske ne. Haka ne? — Wani mai karatu

Amsa: Rabin gaskiya ne, Malam. Ɗiga ɗaya ka bar shi ya kwana. In ya bar zoben maiƙo, an sirka shi da man girki ko makamancinsa. Amma mayukan tsirrai irin su sandal da fachuli da betiba masu nauyi ne, sukan bar alama ko da tsantsa ne. Sinadarin da aka haɗa a masana'anta kuma yakan bushe tas, takarda ba ta kama shi.

Tambaya: Tunda nawa tsantsa ne, zan iya shafa shi kai tsaye? Na shafa man lemo da ya daɗe a ajiye, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. — Wata mai karatu

Amsa: A'a, 'yar'uwa, tsantsarsa ce ma ta sa bai shafuwa haka. Ana sirka shi da mai mai laushi irin na kwakwa ko jojoba. Ga babba mai lafiya, ɗigo 12 a mililita 30 ya isa, wato kusan kashi 2 cikin ɗari. Ga fuska, ko tsofaffi, ko mai fata mai saurin ji, ɗigo 6. Ki fara gwadawa a cikin gwiwar hannu, ki jira awa 24. Ruwa ba ya sirka shi, ɗigon yana tasowa sama ne ya manne wa fata da ƙarfinsa.

Jan da kika gani ya yi kama da aikin tsohon mai. Na dangin lemo ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu, saboda iska tana sauya sinadarin limonene da ke cikinsa ya koma mai tayar da fata. In ya yi kauri, ko ya gurɓace, ko ƙamshin ya juya, kada ya sake taɓa jiki. Ki riƙa rufe marfi gam, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu.

Man bagamot (wani nau'in lemo) da na lemun tsami da aka matse suna ƙona fata in rana ta same ta, don haka a kauce wa rana awa 12 bayan shafawa. Man na'a-na'a da na itacen yukalibtus ba a kai su kusa da fuskar jarirai da ƙananan yara, suna iya takura numfashi. Ba a shan waɗannan mayukan, kuma mai juna biyu ko mai asma ta fara tuntuɓar likita. A na'urar watsa ƙamshi, ɗigo 3 zuwa 5 a ruwa mililita 100 ya wadatar, a kunna minti 30 zuwa 60 a kashe, taga a buɗe. Wurin da ya yi ja kuma ki wanke shi da sabulu mara ƙamshi, in ya kumbura ko ya yi bororo ki je asibiti.