Amsa: Sa Fitilar LED Mai Tsiri a Siton Kicin

Hajiya, kin ce sitonki duhu gare shi, kina tambayar ko fitilar LED mai tsiri za ta yi. Za ta yi sosai, amma ki nemi mai bolt 12, ki guji wadda ake jonawa kai tsaye a wutar gida mai bolt 220, tunda wuri ne da hannu ke yawan shiga, har da na yara.

Inda za a liƙa ta shi ne babban abu. A ƙarƙashin kowace kanta, ta bakin gaba, domin hasken ya sauka a kan gwangwanaye da robobi. In aka kai ta jikin bango, kayan ne za su tare hasken. A fara goge maiƙo da ƙura, kuma a ƙara 'yan maƙalai, don gam ɗin bayanta ba ya jure zafin bazara. Ni tawa saki ta yi kafin na gane haka.

Naɗi ɗaya yawanci mita 5 ne, ana yankawa a kan alamar almakashi kaɗai. Adafta kuwa, wato na'urar da ke rage wutar gida zuwa bolt 12, ta ɗan fi ƙarfin fitilar: in jimilla wat 24 ce, a sayi mai 30. Jonin soket ɗin ki bar wa mai gyaran wuta.