Sayar da kwamfuta kai tsaye ta intanet: ina ribar take?

Tambaya: Malam, ina harhaɗa kwamfutoci ina bai wa diloli. Wani mai ba da shawara ya ce in sallame su, in cika sito da kaya, in buɗe shafin intanet kamar kamfanin kwamfuta na Dell. Jarina ke nan kaf, kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Gara da ka tambaya kafin ka taɓa kuɗin nan. Kullum sai na ji wannan magana, wai sirrin Dell cire dila ne kawai. Masu yaɗa ta ba su taɓa kwana da kayan da suka ƙi fita ba, ga shi suna jefa mutane cikin asara.

Michael Dell ya kafa kamfaninsa a 1984, sai a 1996 kamfanin ya soma ciniki ta intanet. Shekara 12 ke nan yana karɓar oda ta tarho. Intanet ta ƙara wa tsarin sauri ne kawai. Ƙarfinsa shi ne ba a haɗa na'ura sai mai saye ya zaɓi abin da yake so. Kai ma ka san yadda darajar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke zubewa da zarar sabo ya fito. Kwamfuta a sito ƙanƙara ce a rana. A wancan zamanin Dell na riƙe kayan 'yan kwanaki, abokan gogayyarsa irin su Compaq kuwa na makonni ne jibge a hannun diloli. Idan kayan haɗi suka yi araha, shi ke fara sauke farashi. Sannan kuɗin mai saye na shigowa kafin ya biya masu kawo masa kaya. Kuma kowace oda na gaya masa abin da kasuwa ke nema a ranar.

To ina wannan ya haɗu da cika sito? Ka tara kaya, ka kori dila, asarar da kuke rabawa ta dawo kanka kai kaɗai. Gyara, garanti, kayan da aka dawo da su, kuɗin aikawa, duk naka ne.

Dell ɗin ma a 2007 ya shigar da kayansa manyan kantunan Walmart na Amurka, lokacin da jama'a suka karkata ga kwamfutar tafi-da-gidanka, suna son su taɓa kafin su biya.

Riƙe dilolinka. Buɗe shafin, karɓi oda da kafin alƙalami, sannan ka haɗa. Amma fara zama da masu kawo maka kaya, ka ji ko za su iya kawowa kaɗan-kaɗan a kan lokaci.