Ki kai mata jikokinta a bazarar nan

Salama a gare ki 'yata. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, sai yau na samu zama. Kin ce mahaifiyarki tana ƙauye a ƙasar Roni, ta matsa ki kai mata jikokinta uku su yi bikin Ista a wurinta, ke kuma zafin bazara kike ji musu, ga shi a Abuja aka haife su, Hausarsu ba ta nuna ba, kina ganin ko a bari sai Kirsimeti da sanyi. Na ga wasu sun ce ki aika mata kuɗi ta yi haƙuri. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Ki kai su.

Ni ma kaka ce, jikokina tara. A wani ƙauye nake a ƙasar Karaye, nan na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya, nan kuma aka binne maigidana. Abin da zan faɗa miki a gidana na gan shi.

Zafi kam akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Ista ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato tsakiyar bazara ke nan, kuma a Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a ƙasar Kano da Jigawa. Amma mu da muke ciki ba ma jayayya da rana. Aiki da asuba ne, kafin hantsi ya dubi ludayi an gama. Daga nan kowa ya nemi gindin darbejiya ko mangwaro da tabarmarsa, sai la'asar sakaliya a sake motsawa. Da dare a tsakar gida ake kwana. Yaro kwana biyu yake yi ya saba da wannan, mu manya ne muke daɗewa muna ƙorafi.

Ki tuna yadda gidanku yake da Kirsimeti. Kowa ya dawo, ga bukukuwan aure da aka tara a watan, ga baƙi suna shiga suna fita, tsohuwa tana tsakanin madafa da gaisuwa tun safe har dare. Jika zai zo ya koma bai zauna da kakarsa awa guda ba. Na yi shekaru ina ganin jikokina a haka, ina zuba musu abinci, ban san wane ne mai surutu ba, wane ne mai zurfin ciki. Da bazara kuwa an gama sussuka, ba a fara shuka ba, maza suna sharar gona da kai taki da sassafe, sauran yini gida shiru. Mahaifiyarki ta san wannan, shi ya sa ta ce yanzu.

Ina da lambu mai fangali goma sha biyu a bakin fadama, da rijiyar da marigayi maigidana ya haƙa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 masu hali a yankinmu suka koma noman rani da inji, ni dai guga ce da bokiti har yau. Tumatir ba na bari ya kai Afrilu. Zafi yana zubar masa da fure, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, ita ma zafi take so. Tun Fabrairu da Maris nake yanka shi in shanya kauɗa. Abin da ke jure bazara shi ne alayyafo, rama, yakuwa, lalo, kuɓewa, sai zogalen da ke jikin danga, wanda ruwan wanke-wanke ma ya ishe shi. Ban-ruwa sau biyu ne, asuba da yamma, kuma ina rufe fangalin da ƙaiƙayin gero don kada rana ta shanye laimar.

Shekara uku da suka wuce ɗana na Legas ya kawo yaransa hutun Ista, bayan na yi ta roƙo. Babban yana da shekara tara, angona ke nan, ƙanwarsa kuma kishiyata. Washegarin zuwansu na ware wa kowa fangalinsa, na cuɗa irin alayyafo da yashi saboda ƙanƙantarsa, na nuna musu yadda ake yafawa. Angon nan nawa sau uku yake zuwa leƙawa a yini. Na koya masa ya tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in ya ji sanyi ya ƙyale ta, in ya ji ta bushe ya ɗauko bokiti. A rana ta biyar ina cikin jan guga na ji ihunsa, na ɗauka kunama ce. Ashe tsiro ya gani, jajaye-jajaye kamar zare. Ya durƙusa a wurin ya ƙi tashi har rana ta fito. Bayan sun koma, duk kiran da ubansa zai yi sai ya karɓi wayar ya ce, "Kaka, yaya alayyafona?" Da Hausa yake faɗa. Da ya isa yanka na yanke, na shanya a inuwa, na aika masa a leda.

Kuma lokacin ɗorawa ne da mangwaro. Za ki ga bakinsu ya yi rawaya da garin ɗorawa, kada ki hana. In mahaifiyarki tana daddawa, su ga yadda ake dafa kalwa ta kwana a wuta, a surfa, a wanke, a rufe ta kwana uku. Warin zai kore su ranar farko, amma su san daga ina ɗanɗanon miyar kuka yake fitowa.

Batun abinci, kada ki cika mota da na gwangwani da taliyar leda kina cewa ba za su iya cin namu ba. Wannan yana yi wa tsohuwa ciwo ko ba ta faɗa ba. Ran Juma'a Mai Kyau 'yan'uwanmu Katolika ba sa cin nama. Mu a ikilisiyarmu ta ECWA ba doka ba ce, amma a gidana ba a girki mai nauyi ran nan, manya da yawa suna azumi har a tashi daga sujada, sai a sha kunun tsamiya da faten tsaki mai yakuwa. Asabar ce ranar aiki. Da hantsi nake jiƙa shinkafar waina, a kai niƙa da yamma, ƙullun ya kwana. A zafin nan yis kaɗan ake sawa, in ba haka ba kafin asuba ya yi tsami ya zubo daga roba. Miyar taushe kuma da kabewar da na ɓoye tun kaka a ƙarƙashin rumbu, da alayyafon lambu da gyaɗa. Sai dai miyar gyaɗa ba ta kwana a bazara, a yi daidai ci. Nama kuwa a soya shi ƙayau.

Ɗan akuya ko zabi uku nake tanada, kuma maƙwabcinmu Musulmi ne yake yanka mana tun maigidana yana raye, domin kwanon da za mu aika gidajensu su ci hankali kwance. Da yawansu danginmu ne na jini, kaka ɗaya. A 2022 da 2023 da 2024 Ista ta faɗo cikin azumin Ramadan, sai muka riƙa jinkirta rabon zuwa gab da magariba, waina ta isa da zafinta lokacin buɗa-baki. Yara ne 'yan kai kwano. Ki sa naki a ciki, ki koya musu su durƙusa su ce "wai in ji Kaka". Da Sallah haka kwanonin suke dawo mana.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu, wato waƙa.

Waƙoƙin majami'armu iri biyu ne. Akwai na Littafin Waƙoƙi, waɗanda mai jagora zai kira lamba kowa ya buɗe. Yawancinsu tun zamanin mishan na SIM aka juyo su zuwa Hausa, zamanin da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, tun kafin a kafa ECWA a 1954. Waɗannan suna rubuce, ko a Abuja za ki same su. Littafin maigidana yana nan, na ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa, gefen shafukan Ista ya yi baƙi saboda yatsansa. Shi ne yake ɗaga murya a sujadar asubar Lahadi, lokacin da muke taruwa a waje da duhu-duhu, tunawa da matan da suka yi sammako zuwa kabari. Babu jita, babu lasifika, murya ce kawai da kukan zakaru.

Na biyun su ne na Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a, kuma su nake jin tsoron ɓatansu. Ba a littafi suke ba. Mace ɗaya ce take bayarwa, sauran su amsa, ana buga bakin tulu da ɗan matashi yana ba da amo mai zurfi, ga caki, ga kuge, ga ƙwarya. In kin saurara da kyau, karin waƙar niƙa ne da na daɓe da na gaɗa iyayenmu suka ɗauko suka zuba labarin Almasihu a ciki. Matan da ba su taɓa riƙe alli ba, da waƙar nan suka haddace labarin gicciye tun daga gonar Getsamani har dutsen da aka mirgine. Kowane ƙauye da nasa. Abin da ake yi a Roni ba lalle mu san shi a Karaye ba.

Muna da wata tsohuwa a zumuntarmu, ita ce uwar waƙa tun ina amarya. Tana da wata ta Juma'a Mai Kyau da take sa kanta a matsayin Maryamu tana tsaye gindin gicciye, baiti ya fi goma sha biyar, in ta kai tsakiya tulu ma tsayawa yake yi. Kullum muna cewa za mu sa yara su ɗauka a waya. Bana, baɗi, bana, baɗi. Ta kwanta da damina, kafin kaka ta rasu. Da Ista ta zagayo muka taru mu bakwai muna haɗa abin da kowa ya riƙe, baiti shida muka samu. Amshin yana nan, muna yin sa, amma idan muka zo inda sauran suka ɓace sai majami'a ta yi tsit. Har yau abin yana ci mini rai.

Kin ce mahaifiyarki tana cikin Zumuntar Mata. To ki sani akwai abin da ke bakinta wanda babu shi a ko'ina. Kuma kada rashin Hausar yaran ya dame ki, waƙar amshi ita ce makarantar da ta fi sauƙi. Layi ɗaya ne ake maimaitawa sau ashirin. Kishiyar nan tawa ta Legas da ta zo ko "ina kwana" sai an tuna mata, amma daren Asabar da muke gwaji a tsakar gida ta zauna jikin mai tulu, kafin a tashi tana amshi da ƙarfinta. Ran Lahadi ta ɗaura ɗankwalina ta shiga layinmu. Ma'anar kalmomin daga baya ta riƙa tambaya ɗaya-ɗaya, muna tsinkar zogale.

Ran Litinin kuma sai Galili. Mala'ika ya ce wa matan Yesu zai riga almajiransa zuwa Galili, shi ya sa ikilisiya take fita bayan gari ran nan, a ci sauran abincin biki tare, matasa su yi wasan kwaikwayo, a yi waƙa har yamma. Mu gindin wasu tsamiyoyi muke zuwa. Ku da kuke da duwatsu a Roni, na san ba za ku rasa wuri ba. A dai jira rana ta yi sanyi, a tafi da zoɓo a tulu an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Tsoronki na uwa ne, ban raina shi ba. Bazara lokacin sanƙarau ne da ƙyanda, don haka ki duba katin rigakafinsu kafin ku taso, kuma kada a cusa yara da yawa a ɗaki ɗaya a rufe. Ruwan sha na burtsatse ko dafaffe, a zuba a randa, a riƙa tuna musu su sha ko ba su nema ba. Ki riƙo ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya ƙage, asibiti za a nufa a take, ba a jira gari ya waye. Kunama tana fitowa da zafi, kowa da tocilarsa da takalmi da dare, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta. Ku kamo hanya da asuba ran Laraba ko Alhamis, kafin motoci su cika.

In za ki ɗauki waƙoƙin, kada ki zaunar da ita ki ce ta yi, kunya za ta ji ta ce ta manta. Ki bari sai tana tankaɗe ko tana bakin tanda tana juya waina, za ki ji ta fara da kanta, ki ajiye wayar kusa ki yi shiru. Daga baya ki tambaye ta wa ya koya mata kowace, a wane gari, ki rubuta. Ki roƙi mai tulun zumuntarsu su yi miki guda biyu ko uku da kiɗa ran Asabar da dare. In kin samu ta Juma'a Mai Kyau wadda Maryamu take magana a ciki, don Allah ki turo mini in ji, ko tana da baitocin da muka rasa.