Mu huɗu za mu Alkahira, ina za mu fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, mu huɗu ne ƙawaye daga Samaru za mu Alkahira bayan sallah, ba wadda ta taɓa fita waje a cikinmu. Dan Allah ranar farko ina ya kamata mu fara? Wasu sun ce dala, wato manyan gine-ginen nan na Fir'aunoni, wasu sun ce kasuwa, kanmu ya ɗaure.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai ku lafiya. Ni dai shawarata kar ku fara da dalar Giza, a bar ta sai washegari da sassafe, don rana tana dukan wurin sosai ga masu raƙuma da za su yi ta binku, kuma ga gajiyar jirgi ba ta sake ku ba.

Ku yi barci tukuna, bayan azahar ku nufi masallacin Azhar wanda aka kammala a shekarar 972, ku zauna a tsakar gidansa kan farin dutsen nan mai sanyi, wallahi ni da na zauna sai da na yi hawaye don na tuna malamanmu na cikin birni da suka yi karatu a can. Daga nan kasuwar Khan Khalili tsallaken titi ce kawai. Ciniki kuwa ku yi shi kamar kuna Sabon Gari, kar ku biya kuɗin farko.

Ku ci koshari, shinkafa ce da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake), ba tsada. Jirgin ƙasansu na metro yana da taragon mata zalla, shi za ku shiga. Kowacce ta riƙe katin otal ɗinku a jaka.